Ƙari a Jikin Karen Talaka: Kafin a Ɗaure, Kafin a Kore

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, a majalisa da gona da zauren mafarauta, har ba a tsayawa a auna ta. Wai idan ƙari ya fito a jikin kare, mai ƙaramin ƙarfi hanya biyu ce kawai a gabansa. Ko dai ya yi masa na gida, ya ɗaure ƙarin da zare ko roba har ya faɗi, ko ya yi masa sakiya ya bi da baƙin mai, ko kuwa ya haƙura da karen, ya kai shi bayan gari ya sake shi. Asibitin dabbobi, a cewarsu, na masu karnukan Turawa ne, irin waɗanda ake saya wa abincin gwangwani. Kana jan zancen za a tare ka da cewa ana ta kai, wa yake ta kaya?

Ba na raina masu wannan magana, don da yawansu sun fi ni sanin kare nesa ba kusa ba. Mafaraucin da yake raba furarsa biyu da karyarsa a dawa, da makiyayin da karensa ke kwana a bakin garke, da maigadin da ba shi da abokin hira da tsakar dare sai karen gidan, ba ƙin dabbar ne ya sa suke faɗin haka ba. Aljihu ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a shekarar naira 70,000 ne, kuma yawancin masu karnukan nan ko albashin ba su da shi. Duk wanda aka ba zaɓi tsakanin maganin ɗansa da na karensa, ɗansa zai ɗauka, kuma ya yi daidai. Ba zan ce wa magidanci ya ci bashi saboda ƙullutu a haƙarƙarin kare ba.

Inda muka rabu shi ne wajen lissafi. Sun ɗauka wanda ya taka asibiti tiyata za a ce masa, tiyata kuwa kuɗi ne masu kauri, saboda haka gara kada a fara. Alhali abin da mai kare yake bukata da farko ƙarami ne: ya san wane irin ƙullutu ne wannan. Gwajin da ke nuna haka yana cikin mafiya araha a asibitin, kuma sau da yawa daga shi an gama kashe kuɗi, domin amsar takan zama a bar shi, a sa masa ido.

Ba ma kowane kumburi ne ƙari ba. Da damina za ka ga kwikwiyo ya feso da ƙuraje masu tauri a ciki da ƙafafu, kowanne da ɗan rami a tsakiya yana tsattsafo da ruwa. Wannan tsutsa ce. Wani ƙuda ne ke saka ƙwai a rairayi mai inuwa inda fitsari ya taɓa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda fatar karen da ya kwanta a wurin, ta yi kwana 8 zuwa 12 tana girma kafin ta faɗo. Man basilin ya ishe ta: a toshe ramin da take numfashi, ta leƙo, a matso ta a hankali ta fito ɗungurungum, a wanke wurin, a sauya wa karen makwanci. Akwai maruru da ke biyo bayan cizo ko sukar ƙaya, akwai kanta a gwiwar karen da ke kwana a kan siminti, akwai kaskar da ta ƙoshi har a ɗauka tsiro ce. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda roba ko baƙin mai ke yi wa amfani.

Idan kuma ƙari ne na gaske, fiye da rabin waɗanda ke fitowa a fatar karnuka marasa illa ne, ba sa bazuwa zuwa huhu ko hanta. Wanda aka fi gani a jikin karen da ya fara manyanta, musamman mai ƙiba, shi ne ƙarin kitse, wanda likitoci ke kira lifoma. A ƙarƙashin fata yake zama, a ƙirji ko ciki ko cinya, ga laushi, kana tura shi da yatsa yana zamewa, gashin da ke kansa lafiya lau, karen kuma ko a jikinsa. Ba ya tafiya da kansa, kuma babu jiƙo ko ƙwayar da aka tabbatar tana narkar da shi, duk da tallan da ake yi a Facebook da TikTok. Amma kare yakan tsufa da shi bai taɓa hana shi gudu ko cin abinci ba. Sai in ya yi girma ainun, ko ya fito a hammata ko matsematsi yana hana tafiya, sannan ake maganar cirewa.

Ƙananan karnuka, waɗanda ba su kai shekara 3 ba, nasu daban ne. Wani ɗan jan ƙari ne ke ɓullo musu farat ɗaya a kunne ko fuska ko ƙafa, zagayayye, ba gashi a kansa, ya girma da sauri har ya tsorata mai karen. Sunansa histiyosaitoma. Garkuwar jikin karen ce take gane shi ta far masa, sai ka ga ya yi ɓawo, ya motse, cikin wata 2 zuwa 3 ya ɓace. Haka tusar jakin da ke fesowa a leɓe da cikin bakin kwikwiyo, fari-fari masu kaushi. Ƙwayar bairos ce ta karnuka ke kawo ta, ba ta kama mutum, kuma galibi cikin 'yan watanni take kakkaɓewa da kanta.

A nan nake roƙon dattawanmu su ba ni aron kunne, domin abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Idan tsohon mafarauci ya ce maka ya shafa wa ƙarin karensa toka da manja, ko ruwan tumfafiya, ko baƙin mai, kuma ƙarin ya tafi, ba ƙarya yake yi ba. Ya shafa ɗin, kuma ya tafi ɗin. Sai dai ƙarin da ma tafiya zai yi. Ko bai shafa komai ba haka zai faɗi in lokacinsa ya yi, kuma ba tare da tabon ƙuna ba. Karnukan da aka shafa wa suka warke, su ake ba da labarinsu a zaure shekara da shekaru. Waɗanda aka shafa wa amma ƙarin ya ci gaba da girma, ya fashe, karen ya rame ya mutu, sai a ce ajali ne, ko sammu, ko maƙwabci ya ba shi guba, ba a sa su a lissafin maganin. Da haka magani yake yin suna a gari alhali aikin garkuwar jiki ne ake jingina masa.

To, wani zai ce in haka ne ai sai a bar kowane ƙari kawai, ba ɗauri ba asibiti, kowa ya huta. Na so a ce haka ne. Amma hannu da ido ba sa raba mai illa da marar illa, ko da kuwa hannun tsohon likita ne. Akwai wani ciwon daji na fata, ƙarin ƙwayoyin mast, wanda shi kaɗai ya kai kusan 1 cikin 5 na ƙarin da ke fitowa a fatar karnuka, kuma shigar burtu yake yi. Yakan zo da laushi a ce kitse ne, yakan zo ja a ce na ƙuruciya ne. Yana iya kumbura yau ya sauka gobe, mai kare ya ce alhamdu lillahi ya fara warkewa, alhali sinadarin histamin da ke cikinsa ne yake zuba in an murza shi ko karen ya sosa, sinadarin da har gyambon ciki yana jawowa. In an cire shi yana ƙarami, tare da naman da ke kewaye da shi kimanin santimita 2, da yawa suna warkewa sarai. In aka jira ya kai girman lemo a ƙafa, inda babu wadatar fatar da za a ja a ɗinke, aikin ya fi ƙarfin aljihu, wani lokaci ya fi ƙarfin likitan ma. Ƙullutu a nonon karya shi ma ba abin jira ba ne, domin kusan rabin irinsa daji ne.

Wata likitar dabbobi a Amurka da ta ƙware a kan ciwon daji, Sue Ettinger, ta yaɗa ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk ƙullutun da ya kai santimita 1, wato girman ƙwayar wake, kuma ya yi wata guda bai tafi ba, a kai a zuƙo shi da allura a duba. A ganina talaka wannan ƙa'ida ta fi yi wa amfani, don shi ne ba shi da abin biya in an makara.

Ga yadda gwajin yake. Wani dattijo maigadi a unguwarmu yana da baƙin kare, Duna, da ƙullutu ya fito masa a bayan ƙafar gaba, ya kai girman ƙwan kaza. Har ya yi magana da abokinsa mafarauci za su yi masa sakiya. Da ƙyar ya yarda muka sa karen a adaidaita sahu zuwa asibitin dabbobi, yana ta cewa, "Ɗana, kunya za ka ba ni, a ce tsoho da furfurarsa ya kawo kare layi." Likitan ya sa aka yi wa Duna takunkumi da bandeji, ya goge wurin da sifirit, ya kama ƙullutun da yatsu biyu, ya soka siririyar allura, ya ɗan juya ta nan da can, ya zare. Karen ko ƙara bai yi ba. Ya fesa abin da allurar ta ɗauko a kan ɗan gilashi, ya shafe shi da wani gilashin, ya ɗaga wajen taga. Maiƙo ne yake ta ƙyalli, ya ƙi bushewa.

"Baba, ku duba da kanku," in ji shi. "Da alama kitse ne. Zan rina in leƙa a madubi in tabbatar, amma maganar sakiyar nan ku bar ta."

Da ya dawo, amsar ba ta sauya ba. Ya auna ƙullutun da rula ya rubuta a kati. Dattijon ya ce, "Likita, to maganin fa?" Ya ce babu wani magani, a rage masa romo mai maiƙo dai, a bar shi ya yi gadinsa, in an ga sauyi a dawo. Ba a sa karen barci ba, ba a aske masa gashi ba, kuma dattijon ya koma gida da canji a cikin kuɗin da ya ƙulla.

Rinin da ake yin wannan aiki da shi, Gimsa, shi ne dai wanda ake rina jinin mutum da shi a nemi ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, saboda haka ba kayan da sai an yi odarsa daga Ingila ba ne. Ƙwayoyin mast suna fitowa a madubin likita cike da ɗigo-ɗigo shunayya, da wuya su ɓuya. Ba kullum allura ke ba da amsa ba, wani ƙarin sai an yanki ɗan nama an aika ɗakin gwaji. Gaskiya ne kuma asibitocin dabbobi na ƙananan hukumomi shanu da tumaki da awaki suka fi sabawa da su, wasu ko madubin ba su da shi. Amma gilashin da aka shafa ya bushe yana iya tafiya shi kaɗai, a naɗe shi a kwali a ba direba a tasha. Asibitocin koyar da likitancin dabbobi suna nan a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924.

Yanzu a dubi abin da na gida ke jawowa, tunda don araha ake yinsa. Na ga karen wani manomi da aka ɗaure wa ƙari a cinya da robar tayar keke. Da ƙarin mai siririn wuya ne, da wataƙila ya bushe ya faɗi. Wannan kuwa gindinsa faɗi gare shi. Robar ta nutse cikin fata ta yanka ta kewaye, saman ya yi baƙi ya fara wari, ƙasan yana nan da ransa yana ci gaba da girma, ƙudaje suka samu wurin zama. Ranar da aka kwance robar tsutsotsi ne cunkus a ƙarƙashinta, karen ya daina ci, ya lashe wurin har ya koma jan nama. Abin da allura ɗaya za ta fayyace tun farko ya koma wankin gyambo kullum, da allurai na kwanaki, da tiyata mai faɗi, tunda yanzu sai an yanke ruɓaɓɓen nama. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Sakiya ana iya gane dalilinta a kan maruru, don akwai mugunyar da za ta fita. Ƙari kuwa nama ne, babu abin da zai tsiyaye, ƙuna kawai aka ƙara masa. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da guba da burbushin ƙarfe, kuma duk abin da aka shafa wa kare a fata cikinsa zai ƙare, tunda lashewa zai yi. Ruwan tumfafiya yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya lalata shi. Zancen cewa miyaun kare magani ne shi ma a yi hattara da shi, domin yawan lasa shi ke hana gyambo rufewa. Sai magungunan mutane da ake sayowa a kyamis don tausayi. Ibufurofen da diklofenak suna yi wa kare gyambon ciki su lalata masa ƙoda, farasitamol in ya yi yawa yana cin hantarsa, kuma abin da ya yi daidai da mutum mai kilo 60 ya yi wa karen kilo 15 yawa ƙwarai.

Mai ƙaramin ƙarfi da ya isa gaban likita kada ya ji nauyin faɗin abin da ke aljihunsa tun kafin a taɓa karen. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce, Likita, ga abin da nake da shi, me ya wajaba a yi yau, me zai iya jira? Likitan kirki ya saba da wannan tambaya, makiyaya suna yi masa ita kullum a kan shanu. Ya nemi a rarrabe masa kuɗin, na dubawa daban, na gwaji daban, na tiyata in ta kama daban. Ya kuma tabbatar wanda ke gabansa likita ne mai rajista da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, domin masu yawo da jaka suna yi wa kowace dabba allura iri ɗaya sun yi yawa. Kowace shekara ranar 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kuma a garuruwa da dama ana yi wa karnuka rigakafi kyauta a lokacin. Wanda ya kai nasa ya samu likita a gabansa ba ko sisi, sai ya nuna masa ƙullutun.

In an ce marar illa ne, sauran aikin na mai kare ne, kuma ba ya cin kuɗi. Duk tsayuwar wata ya ɗora takarda a kan ƙullutun ya zagaye shi da biro ya rubuta kwanan wata, ko ya ɗauki hoto da waya da kwalin ashana a gefe, domin wanda ke ganin abu kullum ba ya lura da girmansa. Ya shafa sauran jikin ma, wuya da hammata da nonuwa da ƙarƙashin wutsiya, in sabo ya fito kada ya yi masa hukunci da amsar tsohon. Idan ƙarin ya soma girma da sauri, ko ya yi tauri ya manne, ko ya fashe yana jini, ko karen ya dame shi da lasa, ko ya fara rama da ƙin abinci, to jira ya ƙare.

In cirewa ta kama, kuɗin tiyata girman aikin yake bi: yawan maganin barci, tsawon lokaci, zaren ɗinki, jinya. Ƙaramin ƙari a wuri mai sauƙi wani lokaci da allurar da za ta kwantar da karen da wadda ke kashe zafin wurin kawai ake cire shi. Shi ya sa wanda aka ce masa ƙarin zai dami karen nan gaba gara ya shiga adashi ya cire shi tun yana ƙarami. In akwai wani aikin da ake son yi, kamar fiɗiya, a haɗa su a barci ɗaya. Akwai ma ƙarin da fiɗiyar ce maganinsa, wanda ke fitowa a gefen duburar tsohon kare namiji. Sinadarin maza ne ke ciyar da shi, in gwaji ya nuna marar illan ne aka fiɗiye karen, mafi yawansu motsewa suke yi. Bayan tiyata tsohon bokitin roba da aka fasa gindinsa, aka naɗe bakin da tsumma aka zura masa a wuya, ya isa ya hana shi kaiwa ga ɗinkin har kwana 10 zuwa 14 da za a cire zaren.

Akwai ƙari ɗaya da nake son in ɗan daɗe a kansa, domin yana cikin waɗanda suka fi sa a kori karnuka a garuruwanmu. A al'aurar kare ko karya yake fitowa, ja, mai gutsi-gutsi, yana ɗigar da jini duk inda dabbar ta zauna. Maigida ya gani ya ƙyamata, matan gida su ce a fitar da shi kafin yara su ɗauka. Wannan daji ne, amma na daban. Ƙwayoyin ƙarin ne da kansu suke tsallakawa daga kare zuwa kare wajen barbara, wani lokaci ta lasa da shinshina su kama hanci ko baki. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya nuna haka tun 1876 da ya dasa shi daga wani kare zuwa wani. Binciken Elizabeth Murchison da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij ta Ingila ya nuna asalinsa kare ɗaya ne da ya rayu dubban shekaru da suka wuce, kuma yau ana samunsa a ƙasashe aƙalla 90, ya fi yawa inda karnuka ke yawo sakaka irin namu. Ba ya kama mutum. Duk munin ganinsa kuma, yana cikin ciwukan dajin da suka fi jin magani. Allurar binkiristin ta jijiya, sau ɗaya a mako, galibi mako 4 zuwa 6, tana warkar da kusan 9 cikin 10 ko fiye. Kuɗinta ba kaɗan ba ne ga talaka, amma mako-mako ake yi, kuma yawan maganin girman karen yake bi, namu kuwa ba manya ba ne. Ba allurar da za a saya a yi a gida ba ce, in ta zuba a wajen jijiya tana ruɓar da naman wurin. Karen da aka kora da wannan ciwo bola zai koma ya rarraba wa karnukan unguwa, har wata rana ciwon ya dawo gidan a jikin sabon karen da aka kawo.

Sai masu cewa kashe kuɗi a kan kare almubazzaranci ne, ko taɓa shi ma bai dace ba. Ina girmama tsantseninsu. Amma abin da muka karanta a zaure, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, shi ne duk mai rai tsarkakakke ne, har kare da miyaunsa, wanke ƙwarya sau bakwai kuwa bin umarni ne. An halatta riƙon kare don farauta da kiwo da gona, malamai da yawa sun haɗa da gadin gida bisa ƙiyasi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Ba na jin wanda ya san wannan labari zai ga laifin mutumin da ya biya kuɗin allura ɗaya don ya san abin da ke damun dabbar da ta shekara da shekaru tana tsare masa awaki. Wanda ya ajiye dabba don amfaninsa, cinta da shanta da jinyarta gwargwadon hali suna wuyansa.

Wani lokaci gwajin zai dawo da amsar da ba a so, kuɗin tiyata kuma babu su babu dalilinsu. Hakan na faruwa, kuma ba abin kunya ba ne. Ko a nan sanin ya yi rana, domin mai kare zai daina zubar da ɗan abin da yake da shi a kan jiƙe-jiƙe da allurar masu jaka, ya sa shi inda zai rage wa dabbar wahala: maganin zafi na karnuka da likita zai rubuta, wanke gyambo da ruwan gishiri, inuwa, abinci mai laushi. Kare yakan yi watanni a haka yana kaɗa wutsiya, yana haushi in baƙo ya taɓa ƙofa. Ranar da ya daina ci ya kasa tashi, likita yana da allurar da za ta sa shi barci ya wuce cikin mintuna ba tare da zafi ba, kuma kuɗinta ko kusa bai kai na tiyata ba.

Kai shi bayan gari kuwa ba sauƙi ba ne, ga karen da jama'a baki ɗaya. Karen da ya saba da gida bai iya neman abinci ba, yunwa da ƙuda da jifa ne za su ƙarasa shi a hankali. In ya rayu, ya shiga cikin karnukan da babu mai yi musu rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta dalilin kare, kuma 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Bolar da ake sakin karnuka a bakinta nan yaran unguwannin kusa suke tsintar gwangwani da wasan ƙwallo, har da na unguwar wanda ya saki karen.